Tsutsar kududdufi a bangon falo: fashin baƙi kan hotunan da ake ɗauka da madubin likita

Ranar da ƙanena ya dawo hutu daga jami'a da wani hoto a waya, Inna ce ta fara karɓa, ta juya wayar sama ta juya ta ƙasa sannan tace "wannan kuma wane irin leshi ne, nawa yadi?" Fili ne baƙi wuluk, a tsakiya ga wani abu dogo yana sheƙi ruwan zuma da ɗan shuɗi-shuɗi, gefe da gefe wasu gashi sun baje reras kaman ganyen giginya. Yace "Inna ai ba leshi bane, ɗan sauro ne, a sawun kofaton shanu muka ɗebo shi muka sa a madubin likita." Ta ajiye wayar tana a'uzubillahi, amma wallahi ba'a yi minti biyar ba tace a miƙo mata ta ƙara gani.

To irin wannan hoton ne yanzu mutane ke bugawa ƙato su sa a firam su rataya a falo ko ofis ko ɗakin jiran asibiti a Turai da Amurka da Japan, har kasuwarsa ake yi a intanet. Tunda na saka hoton a status mutane ke ta tambayata, wasu suce ƙarya ne kwamfuta ce ta zana, wasu suce meye abun ado a tsutsa, wani abokina kuma cewa yayi ai wannan aikin wanda ya ƙoshi ne. Shiyasa nace bari in zauna in warware maganar yanda na fahimce ta, dan ni a ganina abun ya fi shafarmu mu mutanen karkara akan waɗanda ke sayensa a can, tunda a ƙofar gidanmu waɗannan halittu suke.

Mu fara da su wane ne ma a cikin hoton. Ƙwari da yawa da muke gani suna tashi, a ruwa suke yin yarintarsu. Sauro kowa ya sani, ƙwai ne a saman ruwa, ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsar tayi saɓa sau huɗu, a na huɗun ta dunƙule ta koma kaman waƙafi, daga nan sauro ya fasa ya fito, kuma a zafin ƙasarmu duk wannan bai fi sati ɗaya zuwa biyu ba. Amma in ka duba da kyau su ma kala-kala ne. Wadda ke rataye kai ƙasa tana shaƙar iska da ɗan bututu a wutsiya, wadda ka fi gani a kwata da ruwan wanke-wanke, ta Culex ce. Ita kuwa ta Anopheles mai kawo zazzaɓin cizon sauro bata da bututun, kwanciya take yi ɗai-ɗai a ƙarƙashin fatar ruwa, kuma gashin nan mai kama da ganyen giginya da Inna ta ɗauka adon leshi ne, shine ke riƙe ta a saman ruwan kada ta nutse. In zata ci abinci juya kanta take yi gaba ɗaya, ƙasan kai ya koma sama, sai wasu buroshi biyu a bakinta su dinga kaɗa ruwa suna janyo ƴan ƙananun abubuwa. Bata son ƙazamin ruwa sosai, tafi son ɗan ruwan da rana ke duka, sawun shanu, ramin da aka haƙa ƙasar bulo, gefen fadamar shinkafa. Kuma ƙasarmu ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu wannan zazzaɓi a duniya, to kunga sanin fuskarta ba ƙaramin abu bane.

Banda sauro akwai ɗan mazari, shi kam mafarauci ne, leɓensa na ƙasa naɗe yake a ƙarƙashin fuska kaman hannu, in yaga tsutsar sauro sai ya harba shi ya cafko ta cikin ƙiftawar ido, in ya tsorata kuma ta baya yake feso ruwa ya cilla kansa gaba. Akwai wata mai wutsiya uku siririya da wasu ƴan filafilai jere a gefen ciki suna kaɗawa, da su take numfashi, takan yi watanni a ruwa amma in ta zama ƙwaro mai fiffike kwana ɗaya ko biyu ne ta mutu, ko bakin cin abinci bata da shi. Akwai wata garai-garai kaman gilashi, Chaoborus, sai ka ƙura ido zaka ga ƴan jakar iska guda huɗu a jikinta, biyu gaba biyu baya, su ke sa ta tsaya cak a tsakiyar ruwa. Masu ɗaukar hoto suna son ta sosai dan komai na cikinta a fili yake.

Akwai kuma magina. Waɗannan tsutsar Trichoptera ce, zare take fitarwa daga baki ta dinga liƙa tsakuwa da yashi da guntun kara ɗaya bayan ɗaya har ta gina ma kanta gida kaman ƴar kwarkwaro tana ja duk inda zata. Wani mai fasaha ɗan Faransa, Hubert Duprat, tun farkon shekarun 1980 yake ɗauko su ya cire musu gidan yashin ya zuba musu ɓarɓashin zinari da lu'ulu'u, su kuma su gina da abunda suka samu, sai kaga ɗan bututun zinari kaman aikin maƙerin farfaru. Ni duk sanda naga hoton wannan gini sai in tuna yanda magina ke jera tubali, babu wanda ya koya mata, kuma ba'a samun gurbin da ta bari.

Yanzu maganar "ƙarya ne kwamfuta ce". Anan ne ya kamata a tsaya sosai dan akwai gaskiya akwai kuma rashin sani a ciki. Tsutsar sauro da ta gama girma bata kai santimita ɗaya ba, in aka buga ta ta kai mita ɗaya a bango kaga an ninka ta sama da sau ɗari kenan. Matsalar madubin likita itace in ya ƙara girman abu sosai, ɗan siririn waje kawai yake nunawa tas, in ido ya fito ras to gashi ya dushe, in ka murɗa gashi ya fito ido ya ɓace. Duk wanda ya taɓa leƙa na gwajin jini a asibiti ya san wannan murɗe-murɗen. Dabarar da ake yi itace a ɗauki hoto, a matsa kaɗan ƙasa da kaurin gashin kai, a sake ɗauka, haka haka har ɗari ko fiye, sannan kwamfuta ta tsinto wajen da ya fito tas a kowanne ta haɗe su hoto ɗaya. Wani mai hoto ɗan Ingila, Levon Biss, da ya baje kolin hotunan ƙwari a gidan tarihin halittu na Jami'ar Oksfod a 2016, kowane hoto ɗaya nasa haɗin hotuna wajen 8,000 ne, kuma ya buga wasu sun kai mita 3. To eh kwamfuta ta sa hannu, amma bata ƙirƙiri ko gashi ɗaya ba, tattarawa tayi.

Sai launi. Baƙin filin nan da kuke gani ba fenti bane, hasken ne ake toshe tsakiyarsa ya dinga shigowa ta gefe, sai abunda ya tare hasken kaɗai ya haska, sauran waje yayi duhu. Daidai yanda kake ganin ƙura tana yawo a ɗaki in rana ta shigo ta ƴar kafar taga, alhali a tsakar gida baka ganinta. Wani Julius Rheinberg a Landan a 1896 ya ƙara dabara akai, ya sa gilashi mai launi biyu, tsakiya kala ɗaya gefe wata kala, sai fili ya fito shuɗi misali ita kuma tsutsar ta fito ja ko ɗorawa. Akwai kuma wanda ake tace hasken ta gilashi biyu da aka gicciye, shi wannan tsokar jikin tsutsar ce ke kama wuta ta dinga walƙiya kala-kala kaman bakan gizo, kuma yanayin zaren tsokar ne ke jawo haka ba wani ya shafa ba. Wanda kalarsa ta ɗan'adam ce ɗari bisa ɗari shine hoton babbar na'urar nan mai aiki da ilektiron maimakon haske, ita fari da baƙi kawai take bayarwa, duk koren da jan da ka gani a irin hoton daga baya aka zauna aka saka. Haka hoton na'urar da ke aiki da hasken leza, rini ake sa wa tsutsar sannan mai hoton ya zaɓi kalar da zai ba kowane sashe. Ba laifi bane, amma mai gaskiya yakan rubuta a ƙasa cewa launin ƙari ne.

Inda ƙaryar take da gaske shine hotunan AI da suka cika Facebook yanzu, zaka ga "tsutsa" da idon mage da haƙora jere kaman na kada, ko ƙafa goma sha. Ɗan ƙwaro in yana da ƙafafun gaske shida ne, tsutsar sauro kuwa ko ɗaya bata da ita. In hoto babu sunan halittar, babu sunan wanda ya ɗauka, babu adadin ninkin girma, ni dai bana yarda dashi balle in kashe kuɗina in buga.

Abun kuma ba sabo bane. Tun 1665 Robert Hooke ya fitar da littafinsa Micrographia a Landan, ya zana abubuwan da ya gani a madubinsa da hannu, kuma cikin zanen harda tsutsar sauro da ya samu a ruwan sama da aka tara. Kamfanin Nikon kuma tun 1975 yake gasar irin waɗannan hotuna duk shekara, Small World, nan ne da yawa daga hotunan da ake ratayawa suka fara yin suna.

Amma abunda yasa na ɗauki maganar nan da zafi, wata tsutsa ce guda ɗaya da duniyar kimiyya ta sani mu masu ita bamu sani ba. Kun san ƴan jajayen tsutsotsin nan na cikin taɓo, jan nasu irin sinadarin da ke jinin mutum ne, shi ke basu damar rayuwa a ruwan da iska tayi ƙaranci, in sun girma su zama ƙwarin nan masu kama da sauro amma basa cizo, masu taruwa a ƙwan fitila. To a cikin danginsu akwai wata mai suna Polypedilum vanderplanki, a kwarmin duwatsun arewacin Najeriya take zama, irin ƴan ramukan nan na saman dutse da ruwan sama ke taruwa ya kwana biyu ya ƙafe. Wani masani ɗan Ingila, Hinton, shi ya bayyana ta a 1951, ya sa mata sunan Vanderplank wanda ya ɗebo ta. In ruwan ya fara ƙafewa tana cikin ɗan gidanta na laka, sai jikinta ya shiga haɗa wani irin sukari, trehalose, har ya kai wajen kashi 20 cikin 100 na busasshen nauyinta, sukarin ya daskare kaman gilashi ya riƙe komai na jikinta a inda yake, ruwan jikinta ya sauka zuwa kashi 3 cikin 100. Ta bushe ƙayau, ba numfashi ba motsi, dutsen yayi zafin da ba'a iya taka shi a watan bazara tana nan. Ranar da ruwa ya sauka, cikin awa ɗaya ta kumbura ta miƙe ta cigaba da cin abinci. An ajiye wasu shekara 17 a bushe aka zuba musu ruwa suka motsa. Masana a Japan ƙarƙashin Takashi Okuda sun shafe shekaru suna nazarinta, a 2007 su da Rashawa suka kai ta tashar sararin samaniya aka ajiye ta a waje sama da shekara, aka dawo da ita aka jiƙa ta farfaɗo. Yanzu ana koyon yanda za'a adana magani da ƙwayoyin halitta ba tare da firji ba daga jikinta, ku duba amfanin wannan a garin da wuta bata zama.

Ni ɗan ƙasar Birnin Kudu ne, a kan irin waɗannan duwatsu muka yi wasa, mun sha tsoma ƙafa a kwarmin ruwa bayan an ɗauke ruwan sama. Da na karanta labarin nan sai da jikina yayi sanyi. Ace yaro a Japan ya san hoton wannan halitta, ɗan da ke kiwon awaki a gindin dutsen bai taɓa jin labarinta ba. In akwai hoton da ya cancanci bangon ajin kimiyya a Jigawa da Kano to wannan ne, a bushe gefe ɗaya, a jiƙe gefe ɗaya.

Masu cewa ado da halitta a bango baƙon abu ne gare mu, su zo Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu suga shanun da mutanen zamanin da suka zana a jikin dutse. Kuma mu mutane ne masu son bango yayi magana, daga zanen dagi a soro, zuwa jeren kwalla da samira a ɗakin amarya, zuwa kalandar da ake bari shekara biyar saboda kyan hotonta. Ido da ya saba da zanen hula da aska takwas a gaban riga ba zai rasa gane kyan jerin gashin tsutsar nan ba, Inna ma ai leshi ta gani kafin a gaya mata.

Maganar addini kuma ba zan tsallake ta ba dan ita ce ta farko da Baba ya tayar. Yace "to kai yanzu mai rai zaka rataya mana a ɗaki?" Hadisin da ke cewa mala'iku basa shiga gidan da ke da hoto sananne ne, kuma malamai sun yi saɓani akan hoton kyamara, wasu sun haɗa shi da zanen hannu, wasu sun ce kamo inuwa ne kawai, da yawa kuma sun sassauta in dan koyarwa ne. Nace masa "Baba ku kuka fi mu sani, in kunce a'a ba za'a sa a ɗaki ba." Kowa ya tambayi malaminsa ya bi abunda zuciyarsa ta natsu dashi. Wanda yake gudun cikakkiyar sura, akwai hotunan da ɓangare kawai suke nunawa, gashi ɗaya, ko bangon gidan yashin nan, wanda in ka gani zaka rantse zanen tabarma ne. Shi Baban da kansa daga baya ya janyo ayar Suratul Baƙara ta 26 inda Allah Yace baya jin kunyar buga misali da sauro, ya daɗe yana kallon wayar yana tasbihi, ƙarshe yace a kai makarantar su Auta a liƙa, can yafi amfani.

Kuma gaskiyarsa ne, dan hoton nan yana aiki bayan ado. Masu binciken ruwa a duniya da waɗannan tsutsotsi suke gane lafiyar kogi. In ka ɗaga dutse a rafi ka samu mai wutsiya uku da magina gidan yashi, ruwan na da iska kuma da sauƙin dauɗa, in babu kowa sai jajayen taɓo da tsutsar Culex to ruwan ya sha wahala. A Afirka ta Kudu har sauƙaƙƙen tsari suka yi mai suna miniSASS wanda ƴan makaranta ke yi da rariya da farin faranti. Ka ɗauka yaran Kura ko Bunkure ko Auyo sun san fuskokin nan tun daga bangon aji, su da ke wuni a bakin kanal da fadama, ai su zasu fara lura in maganin feshi ya kashe rafi, ko in ruwan da ya biyo daga masana'antun birni ya canza kogi. Haka matar da ta san bambancin mai kwanciya da mai rataye zata kalli ramin bulon bayan gidanta da wani ido daban.

Ga wanda yake son bugawa, kada ka ɗauko hoton da ya zaga WhatsApp, an matse shi ya mutu, in aka buga sai kaga dabbare-dabbare. Takardar A3 in ana so ta fito tas tana son hoto mai ɗigo wajen 3,500 a faɗi da 4,900 a tsawo. Hotunan gasa da na masu sayarwa suna da masu su, haƙƙin wani ne, amma akwai na kyauta a Wikimedia Commons da rumbun hotuna na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ka duba sharaɗin kowanne. Ni na fara bugawa a ledar banar siyasa dan tafi araha, wata uku a bangon da rana ke duka baƙin ya koma toka-toka, dole na sake a takardar hoto aka sa gilashi. In bangon ƙasa ne kada firam ɗin ya manne, a sa ɗan katako ko murfin kwalba a baya iska ta dinga wucewa saboda damshin damina da gara, in hunturu yazo kuma a dinga share ƙura da busasshen tsumma, dan baƙin fili baya ɓoye ƙura ko kaɗan.

Wanda yafi min duka shine mu ɗauki namu. Ba sai da na'urar miliyoyi ba, ƙanena wayarsa kawai ya kanga a idon madubin makaranta ya riƙe numfashi, ya ɗauki wajen talatin kafin ɗaya yayi kyau. Akwai ma madubin takarda, Foldscope, da Manu Prakash da ɗalibinsa suka ƙirƙiro a Jami'ar Stanford, kayan haɗa shi basu kai dala ɗaya ba, yana ninka abu sau 140 kuma ana liƙa shi a waya. Tsutsar bata tsayawa waje ɗaya, to sai a sa ta a ruwa mai sanyi ta lafa, a ɗiga ta a fallen gilashi da ɗigon ruwa ɗaya, in an gama in ta sauro ce a zubar a busasshiyar ƙasa, in ɗan mazari ne a mayar dashi inda aka ɗebo shi dan aiki yake mana.

Namu yanzu yana ajin su Auta, a ƙasansa malaminsu ya rubuta da maka: tsutsar sauron Anopheles, daga sawun shanu, an ɗauka da waya ta madubin likita, launin na haske ne ba ƙari ba. Satin da ya wuce shi da yara shida suka hau dutse suka kankaro busasshiyar lakar kwarmi a gwangwanin madara, tana kan tagar ofis an rufe da takarda, ranar Litinin in Allah ya kaimu zasu zuba mata ruwa a farin faranti.